Ruwan Da Ke Kwanciya A Daɓen Tirelolin Sanyi Na Cinye Ribar Fatake

LEGAS — Duk tirelar sanyi da ta tashi daga Apapa ko Ijora da lodin daskararren kifi ta nufi Kano, tana ɗauke da wani kaya wanda babu shi a takardar lodi, ba a kuma biya masa kuɗin dako ba, wato ruwa. Wani yakan shiga ne cikin iska a lokacin da ake lodi, wani daga jikin kayan yake fita, wani kuwa ragowar wankin mota ne da bai tsane ba. Kowace hanya ya bi, a ƙarshe daɓen motar yake sauka, kuma abin da ya same shi a can shi ke nuna ko mai kaya zai sauke katan-katan masu kyan gani, ko kuwa jiƙaƙƙun kwalaye waɗanda dillalai za su karya wa farashi tun ba su buɗe ba.

Al'amarin ya cancanci a dube shi da idon basira, ganin yawan dukiyar da ke bin wannan hanya. Alƙaluman da jami'an gwamnatin tarayya suka sha ambatawa sun nuna cewa Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake samarwa a cikin gida bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wani kaso mai tsoka na wannan giɓi ana cike shi ne da daskararren kifi daga ƙetare, irin su titus da shawa da kote da panla, waɗanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa, a adana a manyan ɗakunan sanyi, sannan a rarraba su zuwa Ibadan da Anaca da Abuja da Kaduna da Kano. A ɗaya ɓangaren kuma, tumatir da tattasai daga Kura da Kadawa, da kabeji da dankalin Turawa daga Filato, suna gangarowa kasuwar Mile 12 ta Legas. Gaskiya ne mafi yawansu har yanzu a cikin kwanduna suke zuwa bisa buɗaɗɗun motoci, to amma masu manyan kantuna da otal-otal da kamfanonin sarrafa abinci sun fara dagewa kan a kawo musu kaya a cikin sanyi.

Tun shekarar 1938 da Frederick McKinley Jones, wani baƙar fatar Amurka, ya ƙera injin sanyin da ake iya ɗaura wa mota, wanda a kansa aka gina kamfanin Thermo King, hankalin masu saye ya fi karkata ga injin. A nan gida ma haka abin yake. Mai son sayen tirela zai sa a tayar da inji ya saurari ƙararsa, ya duba awannin da ya yi yana aiki, ya zagaya tayu, ya taɓa bango ya ji sanyi, ya biya kuɗi. Da wuya a ga wanda ya durƙusa ya leƙa kusurwoyin daɓe, ko ya zuba bokitin ruwa don ya ga ta inda zai fita.

Kafin a yi maganar fitar ruwan, ya kamata a san yawansa, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe ruwa har kimanin giram 30 a kowace mita kubik ɗaya. A Legas, inda laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari a damina, kowace mita kubik na ɗauke da kusan giram 24. Ita kuwa iskar da ke cikin motar daskararren kifi, mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, abin da take iya riƙewa bai wuce giram ɗaya ba. Cikin kwantenar sanyi mai tsawon ƙafa 40 ya kai kimanin mita kubik 67. Ke nan duk lokacin da iskar waje ta maye gurbin ta ciki gaba ɗaya, an shigar da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi, wanda ba shi da wurin zuwa sai jikin kwali, da bango, da rufi, da injin kansa. Idan aka bar ƙofa a buɗe na tsawon awa biyu ana lodi da hannu, iskar ba sau ɗaya take sauyawa ba, domin mai sanyi tana da nauyi, ta ƙasa take kwararowa waje kamar ruwa, mai ɗumi kuma na shiga ta sama babu tsayawa.

Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin jiragen ruwa ke gargaɗin kada a sanyaya kwantena tun kafin lodi, sai fa idan bakinta a manne yake da ɗakin sanyi ta yadda iskar waje ba za ta shiga ba. Bangon da ya riga ya yi sanyi, da zarar iskar Apapa ta taɓa shi, sai ya keto da gumi kamar randar ƙasa. Haka nan barin inji yana aiki alhali ƙofa a buɗe take, wanda direbobi da yawa ke ɗauka kula da kaya ne, ɓarna ce tsantsa: fankar injin tana zuƙo iskar waje ne kai-tsaye zuwa wurin da ya fi ko'ina sanyi a motar.

Wurin nan shi ne saƙar bututan da ke gaban tirela daga ciki, wadda ke tsotse zafin iska. Kowane tururi da ya ratsa ta sai ya daskare a jikinta, ya zama farar ƙanƙara mai kama da gari. Ƙanƙarar na taruwa har ta toshe hanyar iska, injin ya yi ta ruri amma sanyi bai isa bayan mota ba. Saboda haka aka tsara injin ya riƙa tsayawa lokaci-lokaci yana narkar da ita. Injinan tirela sukan juyo da gas mai zafi cikin bututan, na kwantena kuwa waya mai ɗumama da lantarki suke amfani da ita, kuma ana iya saita su su yi haka duk bayan awa 3 ko 6 ko 9 ko 12 ko 24. Ruwan da ya narke yana zuba a wani faranti, ya bi ta mesa ya fita waje. Idan mesar ta toshe da ƙura, ko ta lanƙwashe, ko ruwa ya daskare a bakinta, farantin zai cika ya tumbatsa, ruwan ya malalo kan daɓe daidai ƙarƙashin kayan da aka fara lodawa. Injin na komawa aiki sai ruwan ya daskare, ya manne kwalaye da daɓe. Masu sauke kaya sun san wannan sarai: su ne katan-katan da ake ɓamɓarowa da ƙarfe, gindinsu ya yage ya saura a mota.

Ƙanƙarar daɓe ba kwali kaɗai take ɓatawa ba. Daɓen kwantenar sanyi an yi shi ne da dogayen layukan alminiyam masu kwarmi a tsakaninsu, tun daga gaba har ƙofa, kuma ta cikin kwarmin nan ne injin ke hura iska mai sanyi, ta taso sama ta gefen kaya, ta koma ta ƙarƙashin rufi. Abin da ya sa ke nan aka ja jan layi a saman bango, wanda bai kamata lodi ya wuce shi ba. A tirela tsarin juye yake: iskar ta sama take tafiya har baya, ta sauko, ta komo gaba ta ƙasa. Ko wanne ne dai, daɓen hanyar iska ne. Idan ƙanƙara da tarkacen kwali da ledoji da ɓawon albasa suka cike kwarmin, kayan da ke bakin ƙofa, mita goma sha ɗaya ko fiye daga injin, za su riƙa ɗumi alhali allon injin na nuna komai lafiya, domin zafin iskar da ke kusa da shi yake aunawa. Tirelolin da ake shigowa da su kwance daga Turai kuwa yawancinsu daɓensu shafe ne, babu kwarmi, saboda a can an ɗauka kowane kaya bisa katakon ɗora kaya zai zauna, iska ta bi ta ƙarƙashinsa. A nan sai a jibge kwali kai-tsaye a kan daɓe don a ƙara yawan lodi, a toshe wa iska hanya, a kuma ajiye kayan daidai inda ruwa zai taru.

Maganin da masu ƙera motar suka tanada ɗan ƙarami ne, har ya kan ba mutum dariya idan ya kwatanta shi da kuɗin motar. Rariya ce a kusurwar daɓe, kafa wadda faɗinta bai wuce na bakin kwalba ba. Kwantena ta kan zo da guda huɗu, biyu a gaba biyu a baya. A ƙarƙashin kowace akwai ɗan bututun roba mai matsattsen baki kamar na agwagwa, wanda nauyin ruwa ke buɗewa ya zuba, ya sake rufewa don kada iska da ƙura da ƙwari su shiga. A hanyoyinmu robar nan ba ta daɗewa. Zafi na busar da ita ta tsattsage, taɓo na cushe ta, dutse na fizge ta. Idan ta fita, rariyar ta zama kafar da ke zuƙo iska mai ɗumi da laima dare da rana. Idan ta toshe, motar ta zama kwatarniya. Abin da aka fi gani a gareji shi ne a cusa tsumma ko leda ko guntun katako a ramin, a manta da shi har shekara ta zagayo.

To, a rufe rariya ko a buɗe? Amsar ta danganta da abin da aka ɗauko, kuma a nan ne yanayin kasuwancin Nijeriya ya sa lamarin ya fi wuya. Babu mai tirelar da zai so ya kai kifi Kano ya komo fayau, tafiyar kusan kilomita 1,000, yana ƙona mai a banza. Dole ya nemi kayan dawowa, kuma abin da arewa ke da shi ɗanyen kaya ne. Sai ya zama mota ɗaya ce ke ɗaukar kaya iri biyu waɗanda bukatunsu suka yi hannun riga.

Daskararren kifi ba ya numfashi, ba ya fitar da ruwa muddin yana daskare, don haka a tafiyar zuwa arewa ana so a toshe rariyoyin daɓe da marufansu na asali, a rufe tagar shigar iska ruf, a bar mesar injin kaɗai a buɗe. Tumatir kuwa rayayye ne ko bayan an tsinke shi. Yana numfashi, yana fitar da zafi da tururi, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Lodin tan 20 da ya rasa kashi ɗaya kacal cikin ɗari na nauyinsa a hanya ya saki lita 200 a cikin motar, wato durom guda. Bugu da ƙari, dole a buɗe masa tagar iska kaɗan don iskar da ya fitar ta fice, kada ya nuna da wuri. Tumatirin da bai gama nuna ba yana son sanyin digiri 13 ko kusa da haka. Idan taga na shigar da mita kubik 25 a awa, motar kuma ta tsallaka Jebba ta shiga laimar kudu, ruwan da zai sauka daga wannan iska kaɗai zai kai lita takwas a yini. Duk wannan sai ya sami mafita. Direban da ya bar rariyoyi a toshe kamar yadda ya taho da kifi, zai isa Mile 12 da ruwa kwance, kiret-kiret na ƙasa sun yi funfuna.

Akasin haka ma na faruwa, musamman da hunturu, lokacin da laimar iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Tumatir da tattasai da kabeji suna bukatar laimar da ta kai kashi 90 zuwa 95, in ba haka ba su yanƙwane, su rage nauyi a sikeli. Albasa kuwa busasshiyar iska take so, kashi 65 zuwa 70, kuma danshi na taɓa ta sai ta fara tsiro ko ruɓa daga wuya. Wanda ya haɗa albasa da tumatir a tirela ɗaya don ya cike wuri, tun daga tasha ya riga ya zaɓi wanda zai yi hasararsa, bai dai sani ba ne. Har wa yau, akwai kuskuren loda kayan gona da zafinsu na rana. Injin tirela an yi shi ne don ya riƙe sanyin kayan da aka riga aka sanyaya. Idan aka ɗora masa aikin sanyaya tan 20 na tumatirin da aka tsinko da azahar, zai kwana biyu yana fama, kayan na ta zufa, saƙar bututan na ta cika da ƙanƙara. Ƙananan ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwanni daga 2015, suna iya rage wannan matsala inda ake da su, sai dai girmansu bai kai na lodin tirela ba.

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu ɓarna ce da ido ke gani, a tafiya guda. Wadda ta fi ta tsada ita ce wadda ke ɓoye cikin jikin motar. Tsakanin fatar ciki da ta waje, a bango da rufi da daɓe, akwai wani busasshen soson roba mai ƙananan ƙofofi cike da gas, shi ne ke hana zafi shiga. Ƙarfinsa a bushewarsa yake. Ruwa ya fi shi saurin ratsar da zafi kusan sau 25, ƙanƙara kuwa ta fi ruwan ma kusan sau huɗu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma daɓen tirela na tsagewa ta hanyoyi da dama: jan katako mai ƙusa a kansa, jefa katan mai nauyi daga sama, murɗewar mota a ramukan hanyar Mokwa, ko ƙusar da yaron mota ya buga don ya ɗaure kaya. Ruwan da ya kwanta zai bi tsagar ya yi naso cikin soson. Idan ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari, ya ƙara buɗa tsagar, ya narke idan an kashe inji, ya ƙara nutsewa. Kowace tafiya sai ramin ya ƙara girma. Daga waje ma haka: tururi kullum daga wuri mai ɗumi yake turawa zuwa mai sanyi, don haka ɗan huji a ƙarƙashin mota ya isa ya riƙa shayar da soson ko ba a yi ruwan sama ba.

Tirelar da sosonta ya sha ruwa takan ƙara nauyi da ɗaruruwan kilo, nauyin da mai ita zai yi ta ja daga Legas zuwa Kano har tsawon rayuwar motar ba tare da kowa ya biya shi ba. Mafi muni, injin zai riƙa aiki babu hutu. Injin sanyi na tirela yakan sha tsakanin lita 2 zuwa 4 na man dizal a awa, gwargwadon zafin gari da irin kayan. A ɗauki misalin tafiyar kwana uku, awa 72, a kan lita uku: lita 216 ke nan. Idan jiƙaƙƙen soso ya ƙara wa injin aiki da kashi ɗaya cikin biyar, an ƙara lita 43 a kowace tafiya. Motar da ke yin sawu 40 a shekara ta ƙona fiye da lita 1,700 a kan ruwan da ya kamata ya fita ta rariya. Mai karatu na iya ninka wannan da farashin dizal na ranar da yake karatu. Tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, kuɗin kayan gyaran injin da ake sayowa da dala ma ya zama abin da ba a so a yawaita biya, kuma injin da ba ya hutawa shi ke saurin neman bakanike.

Shi ma mai kaya yana da nasa lissafin. Kwantenar da ta ɗauki katan 1,300 masu kilo 20 kowanne, idan an jera su hawa goma sha biyu, fiye da katan ɗari ne ke zaune a kan daɓe, kusan kashi 8 cikin ɗari na lodin. A harkar da ribar dillanci ba ta da kauri, ragin da za a yi wa katan ɗari saboda yagaggen kwali ko kifin da ya narke ya sake daskarewa na iya haɗiye ribar motar baki ɗaya. Masu sayen kifi a kasuwar Galadima ta Kano ba sa bukatar ma'aunin zafi kafin su gane kayan da suka taɓa narkewa. Dunƙulen jan ƙanƙara a gindin leda ya ishe su shaida.

Akwai kuma batun lafiyar jama'a, wanda bai kamata ɗan kasuwa ya ɗauka na hukumar NAFDAC ce kaɗai ba. Ruwan kifi da jinin nama da suka kwanta a kwarmin daɓe da bakin rariya matattara ce ta ƙwayoyin cuta, kuma akwai wadda ake kira Listeriya da sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa. A tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutane fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu, ta hallaka sama da 200, aka kuma gano tushenta a wata masana'antar sarrafa nama. Ba mota ce ta jawo wancan bala'i ba, amma irin wurin da ƙwayar ke so, wato danshi da sanyi da lungun da burushi ba ya kai wa, shi ne siffar rariyar da ba a wankewa. Motar da ta sauke kifi da safe ta ɗauki latas da kabeji da yamma, kayan da za a ci ɗanye, hatsarin a fili yake. Amurka ta kafa doka a 2016 da ta ɗora wa mai kaya da mai lodi da mai mota alhakin tsabtar abin da ake jigilar abinci a ciki. Duk wanda ke da burin fitar da kaya zuwa irin waɗannan kasuwanni zai gamu da tambayar yadda yake wanke motarsa.

Wankin ma yana da ƙa'ida. A fara da shara a bushe, a zaƙulo tarkacen kwarmi, a cire marufan rariya, sannan a zuba ruwa daga gaba zuwa baya, motar na tsaye a inda gabanta ya ɗan fi bayanta tudu. Soda mai ƙarfi tana cin alminiyam, haka ma sinadarin bilic idan ya yi yawa ba a ɗauraye ba. Injin feshi mai ƙarfi da matasa ke wanke motoci da shi a bakin titi, idan aka saita bakinsa a mahaɗar daɓe da bango, cusa ruwa yake yi cikin soson. Bayan wanki a bar ƙofofi a buɗe har daɓen ya bushe. Da hunturu a Kano awa ɗaya ko biyu sun isa, a Legas da damina kuwa yana iya cin yini. Idan daɓe ya tsage, a kai wa wanda ya san aikin, domin soson da ke ƙarƙashi yana kama wuta, kuma mai waldar da bai san da shi ba na iya ƙone abin da aka zo cetowa.

Abin tambaya shi ne, tunda gyaran bai kai kuɗin taya ɗaya ba, me ya sa ba a yi? A ganin wannan marubuci, amsar tana cikin yadda aka raba riba da hasara tsakanin mutum uku. Mai mota kuɗin dako yake karɓa a kan sawu, yinin da aka ɓata wajen wanki da shanya kuwa hasara ce gare shi. Direba an ba shi man hanya a ƙididdige, abin da ya rage nasa ne, don haka kashe injin sanyi na 'yan awanni a inda aka yada zango, ko a cikin cunkoson Apapa, riba ce a wurinsa, alhali kowace kashewa narkar da ƙanƙarar bango take yi ta sauko daɓe. Mai kaya, wanda shi ne ɓarnar ke faɗa wa, yana can nesa, sai an buɗe ƙofa yake ganin abin da ya faru, a lokacin kuma kowa na da wanda zai ɗora wa laifi: ɗakin sanyin da aka yi lodi, ko shingayen bincike inda ake tilasta buɗe ƙofa da tsakar rana, ko lalacewar hanya. Wanda ke da ikon hana ɓarnar ba shi ke biyan kuɗinta ba. Muddin haka tsarin yake, wa'azi ga direbobi ba zai sauya komai ba.

Abin da zai sauya shi rubutu ne a takardar yarjejeniya. Wakilin mai kaya ya shiga motar kafin lodi, ya tabbatar daɓe a bushe yake babu ƙarni, ya zuba ruwa ya ga kowace rariya ta zubar, ya sa a narkar da ƙanƙarar injin a gabansa ya ga mesa ta ɗiga a waje, sannan a rubuta a takardar lodi ko rariyoyi a rufe suke ko a buɗe, su biyun su sa hannu. A jefa 'yar na'urar da ke rubuta zafi a tsakiyar kaya da kuma bakin ƙofa, wadda za ta tona awannin da aka kashe inji. A ware man injin sanyi daga man mota, a ba direba lada idan kaya suka isa lafiya. Kamfanonin inshora da bankunan da ke ba da rancen sayen waɗannan motoci su ma suna da hannu a ciki, tunda jinginarsu ce ke ruɓewa daga ƙasa.

Ga masu shirin sayen tirela ta hannu kuwa, akwai alamar da ya kamata su iya karantawa. Ƙasashen Turai suna aiki da wata yarjejeniya ta jigilar abinci mai saurin lalacewa, wadda aka rattaba wa hannu a Janeba a 1970 ta fara aiki a 1976. A ƙarƙashinta ana gwada ƙarfin soson kowace mota, a manna mata haruffa a saman bango. FRC na nufin tana iya riƙe sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, lambobin da ke ƙarƙashin haruffan kuma wata da shekarar da takardarta za ta ƙare ne. Takardar farko shekara shida take yi, daga nan sai an sake gwaji. Motar da ta iso Tin Can da lambar da ta ƙare shekaru biyar da suka wuce, ta riga ta faɗi wani abu game da kanta. A kuma tuna cewa a zafin digiri 30 ake yin wancan gwaji, alhali a Kano da Maiduguri zafin watan Afrilu kan kai 40. Kafin a biya, a hau da motar kan sikelin manyan motoci babu kaya, a gwada nauyinta da wanda aka buga a farantin masana'anta. Abin da ya ƙaru, idan ba wani ƙarfe aka ƙara mata ba, ruwa ne. A tayar da inji a rufe ƙofa na wasu awanni da safiyar damina, sannan a zagaya ta waje, a leƙa ƙarƙashi: duk inda fatar motar ta yi raɓa ko ta yi sanyi a tafin hannu, soson wurin ya daina aiki.